Kuɗin Jamus masu hoton yaƙin Rumawa: na gaske ne, kuma me suke faɗa?

"Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a Hamburg, a nan nake aiki. Ranar Asabar na shiga kasuwar gwanjo, na tarar da wani dattijo yana sayar da wasu ƙananan takardu masu launi a cikin kwali, ya ce mini kuɗin da ne. Na ɗauki guda shida a kan yuro 10. Huɗu an rubuta musu Detmold, da hoton wani ƙato ya ɗaga takobi sama, a bayansu kuma ana gwabzawa da sojojin Rum. Biyu an rubuta musu Trier, da hoton wani baƙin gini mai tagogi da yawa. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne sabbi ne fil kamar jiya aka buga su, alhali shekarun da ke jiki 1920 ne da 1921. Shin na gaske ne, ko an cuce ni? Me ya haɗa Rumawa da kuɗin Jamus? Kuma suna da wata daraja?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa, Allah ya ba da sa'ar nema. Abu uku ka tambaya: ko takardun na asali ne, me ya sa aka zana Rumawa a kansu, da kuma nawa za su yi. Ta farko da ta ƙarshe ba su da wuyar amsawa. Ta tsakiyar ce za ta ɗauke mu lokaci, domin nan ne daɗin abin yake, kuma nan ne mutum zai iya ɗaukar labarin da aka zana a matsayin tarihi tsantsa alhali akwai gyara a ciki.

Bisa yadda ka siffanta su, na fi kyautata zaton na gaske ne. Sabuntar da ta tayar maka da hankali ita ce ma abin da ake tsammani daga irinsu, don yawancinsu ba su taɓa shiga hannun mai shago ba.

Yadda aka yi garuruwa suka fara buga kuɗinsu

Jamusawa suna kiran waɗannan takardu Notgeld, wato kuɗin larura. Riƙe wannan sunan, da shi za ka yi bincike ko ciniki. Sun fara bayyana a 1914, a makonnin farko na Yaƙin Duniya na Ɗaya, lokacin da mutane suka tsorata suka fara ɓoye sulallan zinariya da na azurfa. Da yaƙi ya yi tsawo, gwamnati ta shiga janye sulallan jan ƙarfe da na nikel saboda masana'antun makamai na buƙatarsu, ta maye gurbinsu da na baƙin ƙarfe da tutiya, su ma ba su wadatar ba. Zuwa 1916 da 1917 canji ya zama abin nema. Duk wanda mai shago ya taɓa ba shi alawa ko ashana a madadin canjinsa ya san irin wannan matsala, sai dai a can ta game ƙasa baki ɗaya. Sai majalisun garuruwa, da bankunan ajiya, da kamfanoni suka fara buga ƙananan takardu na fenik 10, 25 da 50, waɗanda ake karɓa a cikin garin kawai. Fenik 100 shi ne mark ɗaya, kuɗin Jamus na wancan lokaci.

Na farkon ba su da ado. Rubutu ne, da hatimi, da sa hannun magajin gari. Amma tun ana cikin yaƙin wasu suka fara tara su, kuma hukumomin garuruwa suka lura da wani abu: duk takardar da mai tarawa ya saya ya liƙa a kundinsa, ba za ta dawo a nemi a fanshe ta ba. Gari ya karɓi kuɗin gwamnati na gaske, ya ba da takardar da bugunta bai ci komai ba, kuma a jikinta an rubuta ranar da za ta daina aiki. Riba ce tsagwaronta. Daga 1920 zuwa 1922 garuruwa da ƙauyuka sama da dubu suka shiga wannan harka, suna ɗaukar masu zane, suna buga takardu jeri-jeri, kowane jeri da labarinsa, ana sayar da su a cikin ambulan kai tsaye ga dillalai. Wannan rukunin shi ake kira Serienscheine, kuma na Detmold ɗinka daga cikinsa suke. Abin ya yi yawa har gwamnatin tarayya ta hana da doka ranar 17 ga Yuli, 1922.

Kada ka haɗa su da kuɗin hauhawar farashi na 1923, masu miliyoyi da biliyoyi a jiki. Wancan wani babi ne. A watan Nuwamba na 1923 dalar Amurka ɗaya ta kai mark tiriliyan 4.2, kuma kuɗin larura na wannan shekarar an kashe su da gaske, shi ya sa ake yawan samunsu a cukurkuɗe.

Da yake kasuwa ce ake gasa a cikinta, kowane gari sai ya nemi abin da zai bambanta shi da maƙwabcinsa. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi: wani ya zana cocinsa, wani tatsuniyar garinsu, wani sana'arsu. Bielefeld, garin masaƙa, ta buga nata a kan siliki da lilin. Meissen ta yi sulalla da tangaran. Garuruwan da ke da alaƙa da Rumawa kuwa suka ɗauko Rumawa. Kuma kai da ka sayi Detmold da Trier a rana guda, ka yi dace, domin waɗannan garuruwa biyu sun tsaya ne a ɓangarori biyu masu karo da juna na labari ɗaya.

Ƙaton da ya ɗaga takobi

Rumawan da ake magana a nan su ne na birnin Rum da ke Italiya a zamanin Sarki Augustus, kimanin shekara 600 kafin Rumawan gabas da suka yi yaƙi da Farisa a zamanin Manzon Allah (SAW). A lokacin Augustus sun riga sun mallaki ƙasar da ke yammacin kogin Rhine, suna ƙoƙarin faɗaɗawa gabas har zuwa kogin Elbe. A shekara ta 9 Miladiyya gwamnansu, Publius Quinctilius Varus, yana komawa sansanin hunturu da runduna uku, ta 17 da ta 18 da ta 19, sai wani basaraken ƙabilar Cherusci mai suna Arminius ya ba shi labarin ƙarya cewa an yi bore a wani wuri, ya karkatar da shi zuwa hanyar da ba ta da faɗi, tsakanin daji da fadama. Arminius ba baƙo ba ne a wajensu. Ya yi musu aikin soja, yana jin Latin, an ba shi 'yancin zama ɗan ƙasar Rum, kuma yana cin abinci tare da Varus. Kwana uku zuwa huɗu ana yi musu kwanton ɓauna. Mutum tsakanin 15,000 zuwa 20,000 suka hallaka, Varus ya kashe kansa, kuma Rum ba ta sake ba wata runduna waɗannan lambobi uku ba. Marubucinsu Suetonius ya ruwaito cewa Augustus ya riƙa buga kansa da ƙofa yana kiran Varus ya dawo masa da rundunoninsa.

Hoton da ke kan takardarka ba hoton Arminius ba ne kai tsaye, don babu wanda ya san kamanninsa. Hoton mutum-mutumin da ke kan tudun Grotenburg ne, kusa da Detmold, wanda Jamusawa ke kira Hermannsdenkmal. Sunan Hermann ma sai a ƙarni na 16 aka laƙaba masa. Wani magini mai suna Ernst von Bandel ya fara aikin a 1838, kuɗi suka yanke, aka bar shi shekaru, sai a 1875 aka kammala, Sarkin Jamus Wilhelm na Ɗaya ya halarci buɗewa. Tsawonsa duka ya haura mita 53, takobin kaɗai mita 7 ne.

Ɗauko madubin ƙara girma ka dubi zanen da kyau. Za ka ga hular ƙarfe mai fukafukai a kansa. Wannan ƙirƙirar masu zane ce ta ƙarni na 19, mayaƙan wancan zamani ba su sa irinta ba. A ainihin mutum-mutumin, ƙafarsa ta hagu tana take da gaggafar Rum, wato tambarin rundunarsu, ko da yake a ƙaramin zane ba kullum take fitowa ba. Abin da takarda ba za ta nuna maka ba shi ne inda ya fuskanta. Yamma yake kallo, wajen Faransa. An ƙarasa shi ne shekara huɗu bayan Jamus ta ci Faransa a yaƙin 1870 zuwa 1871 ta kuma haɗe ta zama ƙasa ɗaya, kuma rubuce-rubucen da ke gindinsa suna maganar wannan nasarar a fili. A jikin takobin an rubuta cewa haɗin kan Jamus shi ne ƙarfinsa.

To ka ga ruwa ba ya tsami banza. Zuwa 1920 Jamus ta riga ta sha kashi a yaƙi, yarjejeniyar Versailles ta 1919 ta ɗora mata diyya mai nauyi, sojojin ƙawance ciki har da na Faransa suna zaune a yankin Rhine. Mutumin da ya sayi wannan takarda a wannan shekarar, idan ya ga Rumawa suna faɗuwa a daji, Faransawa yake gani. Baitocin da ke bayan takardun Detmold an ɗauko su ne daga wata waƙar barkwanci ta ɗalibai da Joseph Victor von Scheffel ya rubuta a tsakiyar ƙarni na 19, wadda take yi wa Varus da sojojinsa ba'a. Kowa ya san ta da ka a lokacin. Dariya ce a sama, amma a ƙasanta akwai ciwon mutanen da aka ci da yaƙi suna lallashin kansu da cewa sun taɓa korar wanda ya fi su ƙarfi.

Ni a nawa ganin, takardar shaida ce mai ƙarfi a kan Jamus ta 1920, amma raunanniyar shaida ce a kan shekara ta 9. Ga dalilai biyu. Na farko, babu wata al'umma ɗaya mai suna Jamusawa a zamanin Arminius. Ƙabilu ne masu gaba da juna. Surukinsa Segestes shi ne ya gargaɗi Varus tun kafin yaƙin, ba a saurare shi ba. Ɗan'uwansa Flavus ya ci gaba da yi wa Rum soja. Shi kansa Arminius danginsa ne suka kashe shi a shekara ta 21, saboda suna ganin yana neman sarauta a kansu.

Na biyu, wurin yaƙin. Detmold ta ɗauka a ƙofarta aka yi shi saboda tsaunukan da ke kusa da ita ana kiransu Dajin Teutoburg, sunan da marubucin Rumawa Tacitus ya ambata. Amma tsohon sunan tsaunukan Osning ne. Malaman ƙarni na 17 ne suka sauya musu suna bayan sun karanta Tacitus suka yi hasashen nan ne. An yi ta kawo wurare, ɗaruruwa, ana cewa nan aka yi yaƙin. A 1885 masanin tarihi Theodor Mommsen ya nuna wani wuri mai suna Kalkriese, arewa da Osnabrück, saboda yawan sulallan zamanin Augustus da manoma ke tsinta a can, amma ba a bi maganarsa ba. Sai a 1987 wani hafsan sojan Birtaniya mai sha'awar tone-tone, Tony Clunn, ya samo sulalla a wurin da na'urar gano ƙarfe, a shekara ta gaba ya samo harsasan majajjawa na dalma. Haƙar da ta biyo baya ta fito da makamai, da ƙasusuwan mutane da na alfadarai, da abin rufe fuska na ƙarfe na wani sojan doki, da sulalla masu tambarin VAR, wato na Varus. Yawancin masana a yau sun karkata ga Kalkriese, ko da yake akwai masu cewa ragowar wani yaƙi ne na bayansa, lokacin da kwamandan Rum Germanicus ya shigo ɗaukar fansa a shekara ta 15. Tsakanin Kalkriese da Detmold akwai sama da kilomita 70.

Idan ka ci gaba da tarawa, za ka iya cin karo da sunan Aliso a takardun yankin kogin Lippe. Sansanin Rumawa ne da marubutansu suka ce ya yi tsayin daka bayan faɗuwar Varus har mutanensa suka samu suka tsere. Garuruwa da dama sun yi iƙirarin su ne Aliso: Haltern, inda aka fara haƙa a 1899, da Oberaden, da Elsen kusa da Paderborn. Daga baya aka tabbatar Rumawa sun bar Oberaden shekaru kafin yaƙin, don haka ta fita daga lissafi. Duk inda ka ga wannan suna a kan takarda, ka karanta shi a matsayin da'awar garin.

Akwai wani abu da ba na iya wuce shi idan ana wannan magana. A cikin waɗannan shekarun da ake buga takardun murnar korar mamaya daga ƙasar Jamus, an kuma buga wasu jerin na juyayin rasa ƙasashen da Jamus ta mamaye a Afirka, ciki har da Kamaru da Togo. Wanda ya san yadda sojojin Jamus suka shiga Adamawa a farkon ƙarni na 20, zai ajiye waɗannan takardu biyu kusa da juna ya daɗe yana kallonsu.

Baƙin ginin Trier

Trier kuwa ba ta yi alfahari da korar Rumawa ba, ta yi alfahari ne da cewa ita Rumawa suka gina. Tana yammacin Rhine, a bakin kogin Mosel, an kafa ta wajen shekara ta 17 kafin Miladiyya da sunan Augusta Treverorum, kuma a ƙarni na 4 sarakunan Rum sun zauna a cikinta, har da Constantine. A zamanin Rumawa tana da gidan buga kuɗi nata, tun daga ƙarshen ƙarni na 3. Sulallan da aka buga a can suna ɗauke da haruffan TR a ƙasan bayansu, kuma har yau ana samunsu da sauƙin kuɗi, saboda an buga su da yawan gaske. Wasu masu tarawa suna haɗa sulen Constantine na Trier da takardar Trier a shafi ɗaya, kuɗin gari guda da shekara 1,600 a tsakaninsu.

Ginin da ka gani ƙofar gari ce ta arewa, Porta Nigra, wato baƙar ƙofa. An gina ta wajen shekara ta 170 da manyan duwatsu ba tare da laka ko siminti ba, maƙalai na ƙarfe ne suke riƙe da su. Idan ka je ka tsaya a gindinta za ka ga ramuka a mahaɗar duwatsun, inda mutanen baya suka sassaƙe suka zare ƙarfen. Dutsen asalinsa mai haske ne, zamani ne ya baƙanta shi. Abin da ya cece ta daga rushewa shi ne wani mai zuhudu, Simeon, ya killace kansa a cikinta har ya rasu a 1035, sai aka mayar da ita coci. A 1804 Napoleon na Faransa ya ba da umarnin a cire gine-ginen cocin a maido ta yadda take. Duba takardarka: za ka ga hasumiya ɗaya ta fi ɗaya tsawo da hawa guda, kuma a wasu zanukan akwai wani gini mai lanƙwasa maƙale a gefen gajeriyar. Wannan ragowar cocin ne, ba aikin Rumawa ba.

A nan tarihin da takarda ta nuna ya fi zama abin dogaro, domin gini ne da yake tsaye, mai zane ya je ya kalla. Amma shi ma akwai saƙo a ciki. Trier tana ƙarƙashin sojojin Faransa a lokacin da aka buga takardar, ba su fita ba sai 1930, kuma gari a irin wannan hali yakan nuna wa duniya cewa ya girmi duk wanda ke mulkinsa.

Daraja, da yadda nake duba su

Yuro 10 a kan guda shida, ba a cuce ka ba, ba ka kuma yi tsintuwa ba. An buga irin waɗannan da yawa, kuma da yake ajiye su aka yi tun farko, suna nan birjik. Na gama-gari sukan tashi yuro ɗaya zuwa 'yan kaɗan kowace. Abin da ke ɗaga farashi shi ne cikakken jeri ba gurbi, musamman da ambulan ɗinsa na asali, ko wani bambanci da ba a cika samu ba, kamar kuskuren bugu, ko wata irin takarda, ko rashin lamba inda ya kamata a sami lamba. Dillalai suna amfani da lambobin kundin Grabowski da Mehl wajen tantance Serienscheine. Idan ka sami lambar takardarka, ka gama rabin aikin, sai ka duba nawa aka sayar da irinta, ba nawa aka yi mata kuɗi ba.

Idan takarda ta shigo hannuna, da yatsa nake farawa. Ta asali takarda ce mara sheƙi, wani lokaci da ɗan kaushi. Sai in ɗaga ta ga hasken taga in nemi alamar ruwa, wadda da yawansu suna da ita, galibi zane-zane ne masu maimaituwa. Sai madubi: launin bugun wancan zamani a shimfiɗe yake, layukansa a yanke, na injin kwafi na yau kuwa ɗigo-ɗigo ne ƙanana masu launi huɗu. Ba a cika yin jabun masu arha ba, don wahalar ta fi ribar. An fi yin jabun na siliki da sauran masu tsada.

Iyakar abin da zan iya daga nesa ke nan. Ba zan yanke maka hukunci a kan takardar da ban taɓa ba, kuma hoto ba ya nuna alamar ruwa sai an ɗauke shi da haske ta baya. Na Trier musamman suna buƙatar dubawa, domin garin ya buga kuɗi a matakai daban-daban, wasu don canji na gaske, kuma kwanan wata da ke jiki ne zai nuna rukuninsu.

Wajen ajiya, kada ka goge su da dutsen guga, kada ka manna musu salatif, kuma kada ka kai a rufe su da roba mai zafi kamar yadda ake yi wa takardar shaidar makaranta, wannan yana kashe darajarsu gaba ɗaya. Nemi aljihunan roba na masu tara kuɗi waɗanda ba su da sinadarin PVC, ana samunsu a shagunan masu sayar da kan sarki da tsofaffin kuɗi a nan Hamburg. Ka nisanta su daga rana, launin ja shi ne yake fara koɗewa. In kuma za ka taho da su gida, damina ce abin tsoro ba zafi ba: ka sa kundin a akwatin da ke rufuwa sosai tare da 'yan ƙunshin nan masu tsotse danshi, ka ɗaga shi daga ƙasa saboda gara.

Tunda huɗu kawai ka samu na Detmold, jerin bai cika ba. Koma wajen dattijon da takardunka a hannu, ka kwatanta baitocin da ke bayansu da na cikin kwalinsa, wataƙila sauran suna nan a cakuɗe.